Gadar Sama Ko Ruwan Famfo: Wanne Kano Ta Fi Buƙata?

Ɗan Kurna: Ni dai na faɗa, gadojin saman nan na Kano ado ne kawai. Garin da sai ɗan garuwa ya turo kura kafin a ɗora tukunya, me gada za ta tsinana masa?

Mai Adaidaita: Haba yallaɓai! Ka manta yadda Ƙofar Nasarawa take kafin Kwankwaso ya yi gadarta? Ko shataletalen Dangi kafin aikin Ganduje? Sai ka ƙone man sawu biyu kana tsaye wuri guda, fasinja na tsaki. Tun da aka hana acaɓa a 2013 muka cika titi, ina kake so mu bi?

Maman Hanifa: Ƙanena, kai titi ka sani. Famfon gidanmu gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, amma takardar kuɗin ruwa ba ta fashi. Ga Tiga tun zamanin Audu Baƙo, ga matatar Tamburawa da Shekarau ya gina. Ruwan bai ƙare ba, bututun ne ya tsufa, unguwanni kuma suka yi masa nisa.

Tsohon Masaƙi: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Shekara 19 na yi a masaƙa a Bompai. In an tashi aiki da yamma, kekuna ne har ba ka ganin kwalta, masu abinci a bakin ƙofa suna ciniki. Rashin wuta da atamfar Chana suka kashe mu. Yau wasu gine-ginen sito ne na kayan waje. A ba Sharaɗa da Challawa lantarki, ku ga in yaranmu za su zauna a dakali.

Mai Adaidaita: To Baba, kayan masana'antar ta sama za a kai su kasuwa?

Ɗan Kurna: Ai ba a ce kada a yi titi ba. Gada ana ganinta ranar zaɓe, bututu kuwa a ƙasa yake, shi ya sa.

Alhajin Kwari: Magudanar ruwa ma haka. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari saboda an yi shaguna a kan hanyarsa. Da hannuna na riƙa tsamo shadda daga taɓo ina shanyawa a kan rufin mota. Wa ya sa hannu a takardun shagunan nan?

Maman Hanifa: Alhaji, wa kuma ya saye su da tsada?

Alhajin Kwari: Hajiya, bar wannan maganar. An kira La'asar.