Sauti na ta yin tas-tas a foobar2000 tun da na koma WASAPI

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin sauti a kwamfuta, ku taimaka min.

Da manhajar foobar2000 nake sauraron waƙoƙina na FLAC (fayilolin sauti da ba a rage ingancinsu ba) a laptop mai Windows 10, ta ƙaramin DAC na USB (na'urar da ke juya sautin dijital zuwa wanda ake ji) da belun kunne. Yawancin fayilolin 44.1 kHz ne (ma'aunin yawan samfurin sauti a daƙiƙa ɗaya), Windows kuma na mayar da su 48 kHz kafin su fito. Shi ya sa na koma WASAPI na keɓewa (hanyar Windows da ke bai wa manhaja ɗaya na'urar sauti ita kaɗai), don sautin ya wuce kai tsaye. Gaskiya na ji bambanci, bugun ganga ya fito tsaf.

Amma yanzu duk bayan minti biyu ko uku sai in ji tas-tas, kamar ana taka busasshen kara. Abin ya fi tsananta idan na cire caja. Na ƙara tsawon bafa (ɗan sautin da manhajar ke tarawa kafin ta fitar), na sauya ramin USB, na kashe ikwalaiza, bai daina ba. Kwana huɗu ke nan ina fama.

Tsarin tanadin batir ne ke rage wa USB wuta, ko direban DAC ɗin (manhajar da ke tafiyar da shi) zan sauya? Wanda ya taɓa cin karo da wannan, me ya yi?