"Kama da wane ba ta wane": ɗaure bututun maniyyi da dandaƙa ɗaya ne?

Ɗan Dawanau: 'Yan uwa, da an ambaci aikin ɗaure wa namiji bututun maniyyi don hana haihuwa, sai ka ji an ce ai dandaƙa ce, mutum ya zama taure. Wasu kuma su ce "kama da wane ba ta wane." Karin maganar ta hau nan kuwa?

Baban Iklima: Ta hau daram, ƙanena. Mai dandaƙa 'ya'yan marainan yake lalatawa, su kuwa su ne ke samar da sinadarin testosteron, wanda ke riƙe da sha'awa da gemu da ƙarfin jiki. Likita bututu kawai yake yankewa ya ɗaure, wanda ƙwayoyin haihuwa ke bi. Sinadarin ba ta nan yake bi ba, jini yake shiga kai tsaye. Ko ruwan maniyyin ma da kyar a ga ya ragu, don ƙwayoyin ba su wuce kashi 5 cikin 100 nasa ba.

Hajiya Zinder: Ni ban yarda ba, Malam. Mu a gidanmu ana faɗin wannan ne in abu biyu sun yi kama a ido amma asalinsu daban. To nan taure ba ya haihuwa, wanda aka ɗaure ba ya haihuwa. Wannan ai ya wuce kama.

Baban Iklima: Hajiya, a haihuwa kin yi gaskiya. Amma masu cewa taure ba haihuwa suke nufi ba, kin san abin da suke nufi.

Nas Bello: Ni da za a bi tawa, "ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa" ta fi dacewa. Waɗanda ake yi wa aikin galibi sun manyanta, sun gama tara iyali. Daga wajen shekara 40 dama sinadarin yana sauka, kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara. Ga tumbi, ga ciwon suga, ga rashin barci, wani ma har da tiramol. Da rauni ya zo sai a ɗora wa aikin. Mai wannan ƙorafi ya je a auna jininsa da safe, lokacin da sinadarin ya fi yawa, a duba suga ma.

Malam Sani Tudun Wada: Ku dai kada muhawarar karin magana ta sa a ɗauka an halatta abin. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta hana yanke haihuwa gaba ɗaya sai da larura, ta halatta tazarar haihuwa in ma'aurata sun amince.

Hajiya Zinder: Allah ya saka, Malam. Nas, taka ma ban gamsu ba. Waccan ana faɗinta ne in abu ya ɓullo inda ba a zata ba. Wa bai san suga na raunana namiji ba?

Nas Bello: Da yawa, Hajiya. Ki zo asibiti ranar masu suga ki ji tambayoyi.