Ba Kifin Koi Magani Kafin Ya Kamu: Abin da Masu Kiwo Suka Ce

Da masu kiwon koi suka tattauna ko ya dace a riƙa zuba magani a kududdufi alhali kifi lafiyarsa ƙalau, kawunansu sun rabu. Koi, kifin adon nan da kiwonsa ya samo asali a Niigata ta Japan, tsada gare shi. Shi ya sa wasu a ƙasashen sanyi ke ba da magani duk ƙarshen hunturu, domin ruwa na fara ɗumi ƙwayoyin cuta ke farfaɗowa, garkuwar jikin kifin kuwa ba ta gama farkawa ba.

Mafi yawa ba su yarda ba, ni ma ina bayansu. Suka ce a fara kankaro ɗan yauƙin jikin kifi a duba da madubin likita, tunda kowace ƙwayar cuta da maganinta. Misali, maganin Farazikwantel na tsutsar fata ne da ta wurin numfashi. Maganin Fomalin kuwa yana rage iskar oksijin a ruwa, dole a ƙara injin hura iska, kuma kada a haɗa shi da gishiri. Kifin da ke goga jikinsa a bango ma ba lallai ƙwaya ce ta dame shi ba, a auna amoniya tukuna, wato gubar da ke taruwa a ruwa daga ƙazantar kifi.

Inda baki ya zo ɗaya shi ne killace sabon kifi sati 4 zuwa 6 a wani tanki, da ragar kamunsa daban. Gishiri kuma, idan za a zuba a matsayin magani, giram 3 a kowace litar ruwa, na ɗan lokaci kawai.