Zuwa Makka a kan keke daga Kaduna, yanzu zai yiwu?

Mai gyaran keke, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Tun ina yaro kakana ke ba mu labarin yadda ya taka zuwa Makka, shekara uku yana hanya, yana noma a Sudan don ya sami guzuri. Abin ya tsaya mini a rai. Ina so in bi sawunsa da keke: Zariya, Kano, Potiskum, Maiduguri, Gamboru, Kusuri, Njamena. Daga nan ne kaina ya ɗaure. Don Allah a ba ni shawara.

Baba na Rigasa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya karɓi niyya. Hanyar kakanninmu ta Abeshe da Junaina take bi, ta ratsa Darfur har Sawakin, sannan a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tun Afrilun 2023 yaƙi ake yi a Sudan, Darfur ce kuma ta fi shan wuya. Wallahi ko ɗan cikina ba zan bari ya bi ta ba. Aikin Hajji sai da iko, amincin hanya kuwa yana cikin ikon.

Hajiya, Unguwar Rimi: Ƙanena, ko ka isa, ina biza? Bizar Hajji ta hannun Hukumar Alhazai take fitowa. Je ofishinsu na jiha ka tambaya tukuna.

Mai gyaran keke: Na gode, Baba, na gode Hajiya. Zan fara gwada ƙafata zuwa Zariya ranar Asabar.