Ƙwallon Amurka: a ce "ci" ko a ce "sha"?

Jama'a, kalma ɗaya ta hana ni sakat, ku kawo agaji. Ina rubuta wa ƙannena labarin wata ƙaramar kwaleji mai suna Centre, a garin Danville na jihar Kentucky, da abin da ta yi a kakar wasan 1921. Ɗalibanta ba su kai 300 ba. Ranar 29 ga Oktoba suka bi Harvard har gida, wadda ta lallasa su 31 da 14 a 1920, suka doke ta 6 da nema. Makin nan shida duk daga abu guda suka fito, abin da Amurkawa ke kira touchdown. Me za mu kira shi da Hausa?

Ga yadda ya faru. Ba a daɗe da dawowa daga hutun rabin lokaci ba, Bo McMillin, ɗan wasan Centre, ya rungume ƙwallo a ƙirji, abokansa suka tare masa 'yan Harvard da kafaɗa, ya kutsa ta tsakaninsu, ya yi gudun yadi 32 har ya ƙetare layin ƙarshe. Bugun da ake yi bayan haka don ƙarin maki ɗaya bai shiga ba, shi ya sa aka tsaya a shida.

Mutum na farko da ya amsa mini cewa ya yi a bar shi a "cin ƙwallo". Ban gamsu ba. Bahaushe na jin an ci ƙwallo, raga zai hango da mai tsaron gida a kwance. Nan kuwa babu raga, mutum ne ke kai kansa da ƙwallon wuri. Sannan wasan yana da wani bugun da ƙafa tsakanin sanduna, mai maki uku. Idan duka muka ce "ci", da me za mu raba su?

Wata 'yar'uwa ta kawo "dire ƙwallo". Kalmar ta yi daɗin baki, amma ma'anar Turancin ta bi, kuma a dokar yau ba sai ƙwallon ta taɓa ƙasa ba. Ta ƙetare layi a hannun ɗan wasa, magana ta ƙare.

Ni dai langa nake tunawa. Duk wanda ya yi ta a dandali da farin wata ya san akwai ruwa, yaron da ake so ya isa wurin da aka ajiye, sauran na kare shi suna bangaje abokan karawa, ƙafa ɗaya a hannu, ƙura na tashi. In ya kuɓuce ya isa sai a ce ya sha. To me McMillin ya yi in ba wannan ba? Don haka na ce mu ɗauki "sha". Filin yadi goma da ke bayan layin kuma ya zama "wurin sha".

Wani malaminmu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ja hankalina cewa muna da "shan kashi", kar mai karatu ya ɗauka McMillin ne aka kayar. Gaskiya ne, Malam, na kwana ina juya maganar. Sai dai shan kashi ba ya zuwa sai da kashinsa a jiki, kuma ba a taɓa jin yaro ya rikice a filin langa don an ce ruwa ya sha ba.

Na gwada ta a rubutun kamar haka: McMillin ya sha sau ɗaya, ɗalibai suka bi bangon Danville suna rubuta C6H0 da fenti, wato Centre 6, Harvard 0. Ƙungiyar Centre ta koci Charley Moran ta ci wasa goma a jere kafin jami'ar Texas A&M ta tsayar da ita 22 da 14 ranar 2 ga Janairun 1922.

Saura bugun maki ɗayan nan. Na sa masa "bugun gyara", kamar gyaran da mai awo ke ƙara wa mai saye. Mutanen Zinder da Sakkwato, haka kuke cewa a langarku, ko kuna da wata kalmar?