Neman kalma: yaya za mu ce "autoethnography" da Hausa?

'Yar Gwale: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan gabatar wa ɗaliban digiri na biyu wata maƙala da na fassara, amma kalmar autoethnography ta tsaya mini a wuya. Bincike ne da mai shi yake mayar da rayuwarsa abin nazari, har da tsoronsa da kunyarsa, don a gane al'adar mutanensa ta kansa. Marubucin kuma yana kiran kansa queer, kalmar Turanci ga wanda sha'awarsa ko jinsinsa ya saɓa wa abin da aka saba. A taimaka.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Tarihin kai mana.

'Yar Gwale: Wannan labarin rayuwa ne kawai, babu nazari a ciki.

Malam Na-Dala: Binciken ganau. Ku duba littafin Baba ta Karo na 1954: Baba ce ta rayu, ta ba da labari, Mary Smith ta rubuta. Da Baba ce ta riƙe alƙalamin ta kuma yi sharhin, to shi ne wannan. Ganau ba jiyau ba.

'Yar Gwale: Malam, ganau yana iya tsayawa gefe yana kallo. Wannan a jikinsa abin ya faru, har yakan rubuta yadda hannunsa ke rawa in aka tambaye shi yaushe zai yi aure.

Alaramma: Sira zatiyya. Larabci ya riga ya gama mana aikin.

Malam Na-Dala: Kullum sai mun yi aro? Ganau tamu ce, tsohuwa a Kurmi ma ta san ta. Na daɗe ina koyar da ita a aji.

Ɗan Sakkwato: Ku Kanawa duk abin da kuka faɗa sai ya zama doka, don an gina Daidaitacciyar Hausa a kan karinku.

Malam Na-Dala: Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ai na kowa ne.

'Yar Gwale: Don Allah mu dawo. Ɗaya kalmar fa, wato queer?

Alaramma: Luwaɗi. A kira abu da sunansa, addini bai bar shi a duhu ba.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, hukuncin addini ba a musu a kansa. Amma luwaɗi sunan aiki ne, kuma tuhuma ce mai nauyi a garin da ke da shari'a tun 2000, ga dokar tarayya ta 2014 kan auren jinsi mai ɗaurin shekara 14. In aka sa ta a bakin marubucin, an sa shi ya faɗi abin da bai faɗa ba. Ɗan daudu ma bai dace ba, wannan maganar ɗabi'a ce da sana'a irin ta tuyar abinci. Rudolf Gaudio, da ya yi bincike a nan Kano, ya kawo "masu harka" a littafinsa na 2009, sai dai ita kalmar sirri ce tsakanin maza masu neman maza.

'Yar Gwale: To zan bar ta yadda ya rubuta, in yi bayani a ƙasa. Ta farkon zan sa "nazarin al'ada ta rayuwar kai".

Malam Na-Dala: Ta yi tsawo, ba ɗalibin da zai riƙe ta. Ki sa ganau a taken ko da sau ɗaya ne.

'Yar Gwale: Zan ambace ta a gabatarwa, Malam, in ce taka ce.

Malam Na-Dala: To, shi ke nan. Amma ban janye ba.