Wa ya taɓa fama da jinom ɗin bakteriya da ya ƙi haɗuwa?

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa, dan Allah kowa ya faɗi yadda ta kaya masa. Na yi sikwensin (karanta jerin haruffan DNA) ɗin bakteriyar E. coli da na'urar Illumina na zuba a SPAdes, manhajar da ke harhaɗa jinom (wato dukkan DNA ɗinta), maimakon ya fito zobe ɗaya kamar yadda jinom ɗinta yake sai ga gutsattsari rututu, kuma duk inda ya tsinke in na duba wajen rRNA ne (jerin da ke gina injin haɗa furotin na bakteriya) ko IS (guntun DNA mai tsalle daga wuri zuwa wuri a cikin jinom). Samfurina ne ya lalace ko dama haka abin yake?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ƙanwata, samfurinki lafiya lau. E. coli kwafi 7 gare ta na jerin rRNA, kowanne wajen harafi 5,000, shi kuwa Illumina 150 zuwa 300 yake karantawa a lokaci guda, to ta yaya kwamfuta za ta gane wane kwafi ne a ina? Kamar a yayyaga littafin da shafi ɗaya ya maimaitu sau bakwai ne a ce ki jera. Ni bakteriyar Shigella na yi, can IS ɗaruruwa ne, nawa ya fi naki dagargajewa.

Ta biyu:
Ni abin ya taɓa min zuciya sosai, don bakteriyar Klebsiella ce daga jinin majinyaci, ga jin ɗin (gene, wato sashen DNA) da ke sa ta bijire wa magani ina ganinsa ƙiri-ƙiri amma yana zaune shi kaɗai a ɗan guntu, wani IS mai suna IS26 ta nan, IS26 ta can, ban san a filasmid (ƙaramin zoben DNA na daban) yake ko a kiromosom (babban zoben) ba, alhali nan amsar take, in a filasmid ne zai iya tsallakawa zuwa wata bakteriyar. Sai da muka ƙara Nanopore, na'urar da ke karanta dogon jeri a lokaci guda, muka haɗa shi da na Illumina a manhajar Unicycler sannan filasmid ɗin ya fito zobe cikakke.

Ta uku:
Mu masu aikin tarin fuka maimaicin nan da shi muke aiki fa. Da IS6110 (wani IS na bakteriyar tarin fuka) da MIRU-VNTR (ƙirga maimaici a gurbi 24 na jinom) muke gane ko majinyata biyu iri ɗaya suka ɗauka. PE/PPE, wasu jin masu yawan maimaici, su ne kawai muke cirewa kafin lissafi saboda rikicinsu. Kar ki raina wuraren nan, CRISPR ma, maimaicin da bakteriya ke kare kanta daga bairos da shi, haka masani Ishino ya ci karo da shi a E. coli a Osaka a 1987, sai a 2005 wani masanin, Mojica, ya nuna gutsuren DNA na bairos ne ke tsakanin maimaicin.

Ta huɗu:
In za ki yi Nanopore ki lallaɓa DNA ɗin wajen cirewa, ban da girgiza da ƙarfi, in ya kakkarye dogon karatun ya tafi kenan. Kuma ni na ga yana tuntuɓe inda harafi ɗaya ya jeru da yawa, kar ki yar da na Illumina, da shi za ki gyara.

Mai tambaya:
Na gode Allah ya saka da alheri. Yaya mai Klebsiella, wace hanya kuka bi wajen cire DNA ɗin naku?